Na sabunta kanel, ZFS ya ƙi tashi: in koma OpenZFS 2.3 don in ƙara faifai?

Tambaya: Ina da kwamfutar da muke tara bidiyon aiki a kanta. Fedora ce a kai, da faifai huɗu masu TB 4 kowanne a tsarin RAIDZ1, wanda ke haɗa faifai su zama rumbu ɗaya mai jure mutuwar faifai guda, an ci kusan TB 9. OpenZFS 2.2, manhajar tsarin adana fayiloli na ZFS, nake amfani da shi. Na sabunta manhajoji, na sake kunna na'urar, sai `zpool status` ya ce ba a loda mojul ɗin ZFS ba, rumbun kuma babu shi. Bayanan sun tafi ke nan? Sannan na ji cewa 2.3 yana bari a ƙara faifai ɗaya a RAIDZ. Ya kamata in koma kansa? Me ma ya haɗa duk wannan da kanel?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka tukuna. Saƙon da ka gani ba ya nufin wani abu ya taɓa faya-fayanka. Abin da yake cewa kawai shi ne kanel ɗin da na'urar ta tashi da shi, wato zuciyar tsarin aikin Linux, ba shi da mojul ɗin ZFS, ɓangaren da ake jona masa, a jikinsa, don haka bai san yadda zai karanta abin da ke kan faifan ba. Sake kunna kwamfutar, idan jerin GRUB, manhajar da ke tayar da na'urar, ya bayyana ka zaɓi kanel ɗin da kake kai kafin sabuntawar. Fedora tana ajiye kanel uku a lokaci guda, saboda haka tsohon yana nan. Da ka shiga, buga `zpool status`. In rumbun bai hau da kansa ba, `zpool import` zai nuna maka shi. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kusanci faifan nan da `mkfs` ko `fdisk` ko `zpool create -f`, ko da wata manhaja ta ce maka ba a tsara su ba. Kanel marar ZFS bai rubuta musu komai ba, amma waɗannan umarnin za su rubuta.

Da ka samu rumbun ya dawo, ka ɗaure kanel ɗin a inda yake. A cikin `/etc/dnf/dnf.conf` ka ƙara layin `excludepkgs=kernel*`. Dalili kuwa, tunda uku kawai ake ajiyewa, sabuntawa biyu nan gaba za su iya ture kanel ɗin da ke aiki da ZFS ɗinka ba ka ankara ba. In kana son ganin ainihin inda abin ya karye, `dkms status` zai nuna maka kanel ɗin da aka gina wa mojul da wanda ba a gina wa ba, bayanin kuskuren kuma yana cikin `make.log` a ƙarƙashin `/var/lib/dkms/zfs/`.

Yanzu ga abin da ya haɗa shi da kanel, kuma sai mun ɗan koma baya. A kamfanin Sun Microsystems aka ƙirƙiri ZFS. Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara aikin a 2001, aka sake shi ga jama'a a 2005 cikin OpenSolaris, a ƙarƙashin lasisin CDDL. Oracle ta sayi Sun a 2010 ta rufe nata reshen, masu son ci gaba da buɗaɗɗen aiki suka ɗauki abin da ke hannu, daga nan aka samu OpenZFS a 2013. Wanda ke tafiya a Linux kuma daga ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka ya samo asali, a hannun Brian Behlendorf. To, kanel ɗin Linux lasisinsa GPL ne siga ta biyu, kuma mafi yawan masu nazarin lasisi suna ganin CDDL da GPL ba sa zama cikin aiki guda da za a rarraba. A farkon 2020 Linus Torvalds ya bayyana cewa ba zai shigar da ZFS cikin kanel ba sai in Oracle ta ba shi izini a rubuce, har ya shawarci mutane su guje shi. Canonical kuwa tun Ubuntu 16.04 take rarraba mojul ɗin a shirye, lauyoyinta sun ce babu laifi, ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta ce akwai. Har yau gardama ce.

Kai abin da ya shafe ka a cikin wannan dogon zance shi ne ZFS yana zaune ne a wajen kanel. Su ext4 da XFS da Btrfs suna ciki, saboda haka duk wanda ya canja wani abu a cikin kanel, shi ke da alhakin gyara su a lokaci guda. ZFS ba ya cikin wannan lissafin. Masu kanel suna kare alkawari ɗaya sosai, cewa ba za su karya manhajojin da ke gudana a samansa ba. Amma hanyoyin cikin gida da mojul ke kira, sun faɗa ƙarara cewa ba su yi wa kowa alkawarin za su tsaya yadda suke ba. Suna canja sunan aiki, su ƙara masa abin da yake karɓa, su cire shi ɗungurungum, duk lokacin da suka ga ya dace. Kanel sabo kuma yana fitowa kusan duk mako tara zuwa goma.

Shi ya sa ake gina mojul ɗin ZFS daban don kowane kanel, kamar rigar da tela ya auna jikin mutum ɗaya ya ɗinka. DKMS shi ne ke wannan ɗinkin a na'urarka duk lokacin da sabon kanel ya sauka. Kafin ya fara harhaɗawa, OpenZFS yana gwada ɗimbin ƙananan shirye-shirye don ya gano yadda wannan kanel ɗin yake son a kira shi a kowane wuri. In kanel ya zo da salon da masu OpenZFS ba su riga sun rubuta masa gwaji ba, ginin ya tsaya. Abin da ya same ka ke nan, kuma babu wanda ya yi ganganci a ciki: Fedora aikinta ne ta kawo kanel sabo da wuri, OpenZFS kuma dole sai kanel ya fito ko ya kusa fitowa sannan ya bi shi.

Akwai kuma nau'i na biyu na matsalar, wanda ya fi na farko ciwo. Wasu hanyoyin cikin kanel an ware su ne ga mojul masu lasisin GPL kaɗai. A Linux 5.0, a 2019, an rufe wa mojul irin ZFS hanyar da yake bi don amfani da umarnin lissafi masu sauri na furosesa, waɗanda yake lissafin tantance bayanai da kason kariya na RAIDZ da ɓoye sirri da su. Sai da masu OpenZFS suka rubuta tasu hanyar ta adana yanayin furosesa da mayar da shi kafin saurin ya dawo. Irin haka ta sake faruwa ga na'urori masu ARM a 6.2. Don haka wani lokaci jinkirin ba na canja suna ba ne kawai, sai an sake tunanin yadda za a yi abin gaba ɗaya.

Kowace fitowa ta OpenZFS tana ɗauke da wani ɗan fayil mai suna `META`, a cikinsa akwai layi biyu, `Linux-Minimum` da `Linux-Maximum`. Su ne hukunci. 2.2.0, wanda ya fito a Oktoba 2023, ya ɗauki kanel daga 3.10 zuwa 6.5. 2.3.0, wanda ya fito a tsakiyar Janairu 2025, ya ɗauki 4.18 zuwa 6.12, da FreeBSD 13.3 da 14.0 zuwa 14.2. Waɗannan lambobin ƙasan ba a zaɓe su da ka ba: 3.10 shi ne kanel ɗin Red Hat Enterprise Linux (RHEL) 7 da CentOS 7, wanda wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen Yuni 2024, 4.18 kuma na RHEL 8 ne da danginsa AlmaLinux da Rocky. Lambar sama ita ce ke cizon irinku. Dubi yadda ta kaya a 2025: ba a yi mako guda da fitowar 2.3.0 ba Linux 6.13 ya fito, tallafinsa kuma sai a 2.3.1 cikin Maris. 6.14 sai a 2.3.2, 6.15 a 2.3.3, 6.16 a 2.3.4. Kowane kanel sabo yana da 'yan makonnin da mai ZFS zai zauna ya jira. A jerin 2.3 ma an sa ginin ya ƙi farawa da gangan in kanel ya wuce iyakar sama, sai in mutum ya tilasta shi da `--enable-linux-experimental`. Wannan zaɓin don masu gwaji aka yi shi. Harhaɗuwar mojul ba hujja ba ce cewa yana aiki daidai, kuma ba a kan bidiyon abokan ciniki ake gano bambancin ba.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: a na'urar ajiya, ZFS ne ke zaɓar kanel. In za ka iya, ka ɗauke wannan kwamfutar daga kan Fedora. Debian 13, wadda ta fito a Agusta 2025, tana kan kanel 6.12, ɗaya daga cikin masu dogon wa'adi, kuma ZFS ɗin da ke ma'ajiyarta ta `contrib` jerin 2.3 ne, sun dace da juna tsaf. Proxmox VE 9 ya fito a 2025 da nasa kanel da ZFS 2.3 a haɗe, TrueNAS ma haka yake haɗa nasa, har ya kawo ƙara faifai tun sigar 24.10. A AlmaLinux ko Rocky akwai kunshin `kmod` da aka riga aka gina, ba ka bukatar DKMS. Ka kula da Ubuntu 24.04: tana da ZFS a shirye, amma 2.2 ne, ba zai ba ka abin da kake nema ba. FreeBSD kuwa ZFS yana cikin tsarin kansa, wannan rigimar ba ta taso ba sam, sai dai FreeBSD 14 ma da 2.2 ta zo. Sauya tsarin aikin ba ya taɓa rumbun: `zpool export` a tsohon, `zpool import` a sabon, shi ke nan. In kuwa dole sai Fedora, to ka riƙe ɗaurin nan na kanel, kada ka kwance sai ka duba lambar sama ta sigar OpenZFS da ke hannunka.

Sai batun ƙara faifai. Labarin da ka ji gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da 2.3 ya zo da shi. Shekara da shekaru, wanda ya gina RAIDZ da faifai huɗu ya zauna da huɗun ke nan. In wuri ya cika, ko ya sayi wani rukunin faifai sukutum ya jona, ko ya maye gurbin kowane faifai da mafi girma ɗaya bayan ɗaya, ko ya kwashe komai ya rushe ya sake gini. Matt Ahrens ya fara aikin warware wannan da tallafin FreeBSD Foundation, aka daɗe ana jira, daga baya iXsystems ta ɗauki nauyin ƙarasawa, aka shigar da shi a ƙarshen 2023. Umarnin gajere ne:

`zpool attach sunan-rumbu raidz1-0 /dev/disk/by-id/sabon-faifai`

Ka yi amfani da sunan da ke cikin `by-id`, ba `sdb` ko `sdc` ba, don waɗannan suna iya musanya wuri daga kunnawa zuwa kunnawa. Sabon faifan kuma kada ya gaza na cikin rukunin girma. Abin da ZFS zai yi shi ne ya bi duk bayanan da ke kan faifai huɗun daga farko, ya sake shimfiɗa su a kan biyar, wurin da ya rage ya taru a ƙarshe. Rumbun yana aiki ana cikin haka, za ku iya karantawa ku rubuta, sai dai zai ɗan yi nauyi. In aka ɗauke wuta ko ka kashe na'urar, yana ci gaba daga inda ya tsaya. In wani faifai ya mutu a tsakiya, aikin yana dakatawa har sai an maye gurbinsa an farfaɗo da shi. Sabon wurin ba ya bayyana sai an gama, kuma da gamawa yana fara binciken `scrub`, mai tantance lafiyar duk bayanan, da kansa.

Amma a nan gizo ke saƙar. Ana matsar da tsofaffin bayanai ne kawai, ba a sake lissafa kariyarsu. A RAIDZ1 mai faifai huɗu, kowane kaso uku na bayanai yana da kaso ɗaya na kariya. Bayan ka ƙara na biyar, abin da za ka rubuta nan gaba zai zama huɗu da ɗaya, amma abin da ke ciki tun da yana nan a uku da ɗaya. Mu yi lissafin da naka rumbun, a dunƙule. TB 9 ɗinka suna zaune a kan TB 12 na ainihin faifai. Faifai biyar TB 20 ne, ka cire 12 saura 8. Kashi 80 cikin ɗari na 8 shi ne 6.4. Jimilla za ka iya ajiye kusan TB 15.4, alhali da sabon rumbu ka gina da faifai biyar da ka samu 16. Asarar TB 0.6 ke nan, ba abin tayar da hankali ba. Sannan `zfs list` da `df` za su ci gaba da auna wurin da ya rage da tsohon ma'auni, su nuna maka kusan TB 6 maimakon 6.4. Wurin yana nan, za ka lura cewa sabbin fayiloli suna cin ƙasa da girmansu a lissafin. Mutane da yawa suna ganin wannan su ɗauka aikin bai yi ba.

Ana iya dawo da 0.6 ɗin ta hanyar sake rubuta tsofaffin fayiloli, kuma a sigogin 2.3 na baya-baya an ƙara umarnin `zfs rewrite` don haka. Ni dai ba zan wahalar da faifai da sake rubuta TB 9 don wannan 'yar riba ba. Ka kuma sani cewa in kana da hotunan lokaci, wato abin da `zfs snapshot` ke ɗauka, suna riƙe da tsofaffin tubalan, sai sake rubutun ya ninka abin da ka ci maimakon ya rage.

Abin da ya fi damuna da shirinka shi ne lambar da ke gaban RAIDZ. Ƙara faifai ba ya canja matakin kariya. RAIDZ1 zai zauna RAIDZ1, ba ya komawa RAIDZ2 mai jure mutuwar faifai biyu, kuma faifan da ka ƙara ba ya fita. Yau kana da faifai huɗu da ke jure mutuwar ɗaya. Gobe za ka samu biyar da ke jure mutuwar ɗaya. Aikin faɗaɗawar kansa yana karanta duk abin da ke kan tsofaffin faifan ya sake rubutawa, sa'o'i masu yawa ba hutu, kuma a irin wannan lokacin ne faifai mai rauni ke nuna halinsa. Don haka kafin `zpool attach`, ka yi `zpool scrub` ka jira ya gama ba kuskure ko ɗaya, ka duba lafiyar kowane faifai da `smartctl -a`, ka tabbata sabon faifan ba irin SMR ba ne, waɗanda ke rarrafe in an matsa musu rubutu mai tsawo. Ka kuma ajiye kwafin abin da ba za ku iya rasawa ba a wani wuri daban. Daga huɗu zuwa biyar a faifai masu TB 4, zan yarda. In kana hangen shida ko bakwai nan gaba, gara ka tara kuɗin faifan ka gina RAIDZ2 sabo, ka tura bayanan da `zfs send`.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa. Sabuntawa iri biyu ce a ZFS, kuma mutane suna cakuɗa su. Ta farko ita ce ta manhaja, daga 2.2 zuwa 2.3. Wannan tana da dawowa: in ba ta yi maka ba, ka cire ka mayar da tsohuwa, rumbunka zai hau kamar da. Ta biyu ita ce ta tsarin da ke rubuce a kan faifai, wadda `zpool upgrade` ke yi. Wannan in ka yi, bakin alƙalami ya bushe. Bayan ka girka 2.3, `zpool status` zai riƙa gaya maka cewa akwai fasalolin da ba a kunna ba, ya ba ka shawarar ka yi `zpool upgrade`. Sanarwa ce kawai, za ka iya barin ta shekaru ba abin da zai faru.

Tun bayan rabuwa da Oracle aka daina ƙirga tsarin rumbu da lamba. An tsaya a 28, aka koma ba kowane sabon fasali sunansa. Kowane fasali yana cikin hali ɗaya daga uku: `disabled`, `enabled`, ko `active`. Na farko a kashe yake. Na biyu an ba shi izini amma bai rubuta komai ba tukuna, tsohuwar manhaja za ta iya hawan rumbun. Na uku ya riga ya canja abin da ke kan faifai, duk manhajar da ba ta san shi ba za ta ƙi hawa, ko ta hau don karatu kawai in fasalin ya yarda da haka. Wasu suna tsallakawa zuwa na uku nan take da an kunna su, kamar `head_errlog` na 2.2, kuma ba sa dawowa. `zpool upgrade` yana kunna duka ne a lokaci ɗaya. Kai guda ɗaya kake bukata:

`zpool set feature@raidz_expansion=enabled sunan-rumbu`

Da ka jona faifai na biyar, wannan fasalin ya zama `active`, rumbunka kuma ya rabu da 2.2 har abada. Ka ga inda zancen ya sake haɗuwa da kanel. Yau tsohon kanel da tsohon ZFS ne suka cece ka. Bayan faɗaɗawa, duk abin da za ka ceci kanka da shi, ko filashin gaggawa ne, ko kwamfutar wani da za ka kai faifan, dole ya kasance da 2.3 ko sama. Ka tanadi wannan filashin ka gwada shi tun kafin ka faɗaɗa. Akwai `zpool checkpoint`, wanda ke ba ka damar mayar da rumbu baya bayan kunna fasali, amma muddin yana nan ZFS ba zai bar ka ka yi `attach` ba, don haka ba zai rufa maka asiri a faɗaɗawar ba. Don kada wani ya zo ya buga `zpool upgrade` da kyakkyawar niyya, akwai sifar `compatibility` tun 2.1, wadda ke iyakance abin da za a iya kunnawa. Jerin zaɓuɓɓukanta yana cikin `/usr/share/zfs/compatibility.d`. Wanda na'urarsa ke tashi daga ZFS ta GRUB ya fi kowa bukatarta, don GRUB fasaloli kaɗan ya sani.

Sauran abubuwan da 2.3 ya kawo, yawancinsu ba naka ba ne, amma ga su a taƙaice.

An gyara tsarin kawar da maimaici, wanda ke ajiye tubali ɗaya in ya samu biyu iri ɗaya. Tsohon ya yi ƙaurin suna, don teburinsa yana cin kimanin bayit 320 na ƙwaƙwalwa a kan kowane tubali. TB ɗaya a tubalai masu KB 128 ya haura tubali miliyan 8, kusan GB 2.7 ke nan na tebur, kuma da ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura komai ya tsaya cik. Sabon, wanda Klara da iXsystems suka yi, yana tara canje-canje ya rubuta su a jere, yana da iyakar girma da za ka sa masa da `dedup_table_quota`, kuma `zpool ddtprune` yana share shigarwar da ba ta taɓa samun tagwai ba. Aiki ne mai kyau. Tsohon tebur dai ba ya rikiɗa ya zama sabo. Bidiyo kuma kusan ba ya maimaita kansa tubali da tubali, saboda haka kada ka kunna shi.

Akwai karatu da rubutu kai tsaye, inda manhajar da ta nema za ta tsallake ma'ajiyar wucin gadi ta ARC, ana sarrafa shi da sifar `direct`. Don masu NVMe da rumbunan bayanai masu tasu ma'ajiyar aka yi shi. A faifai masu juyawa ARC ne gatanka, bar shi yadda ya zo. Umarni irin `zpool status` da `zfs list` yanzu suna karɓar `-j` su fitar da sakamako a tsarin JSON, wanda zai yi wa mai rubuta shirin sa ido daɗi.

Dogayen sunaye sun ɗan shafe mu. Iyakar sunan fayil a da bayit 255 ce, yanzu ana iya kai ta 1023 in an kunna `longname`. Bayit ake ƙirgawa, ba harafi ba. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, haruffan ajami ma haka, har da wasullansu, don haka mai sa wa fayil dogon take da ajami yana cin iyakar da rabin haruffan da mai boko zai rubuta. Sai dai ranar da za ka kwafe irin wannan fayil zuwa ext4, wanda ke nan a 255, zai ƙi shiga. In ba ka taɓa buga kai da iyakar ba, bar shi a kashe.

Game da ko 2.3 ya nuna har a dogara da shi, akwai darasin da 2.2 ya bari. Wata guda bayan fitowar 2.2.0, a Nuwamba 2023, aka fara samun rahoton fayilolin da aka kwafa suna fitowa da sifili a wasu sassansu. An fara zargin sabon fasalin kwafin tubali, 2.2.1 ya kashe shi, sai bincike ya nuna kuskuren tsoho ne, a yadda ZFS ke amsa tambayar ko wani sashe na fayil fanko ne alhali ana tsakiyar rubuta shi. Sabon fasalin da sabon `cp` sun sa an fi cin karo da shi ne kawai. An gyara a 2.2.2 da 2.1.14. Tun daga nan ra'ayina shi ne na'urar aiki ba ta hawa sigar da ta ƙare da sifili. 2.3 ya wuce wannan matakin, an yi masa gyare-gyare da dama, don haka ka ɗauki ta ƙarshe a jerin da tsarin aikinka ke bayarwa. Ka duba naka 2.2 ɗin ma, in 2.2.0 ne ko 2.2.1, sabuntawar ta zama dole ko da ba za ka ƙara faifai ba.

Bayan ka girka 2.3 ka sake kunna na'ura, buga `zfs version`. Layi biyu zai nuna, na kayan umarni da na mojul ɗin da ke cikin kanel, kuma dole su zo ɗaya. In na farko ya ce 2.3 na biyu ya ce 2.2, tsohon mojul ne ke aiki har yanzu, sau da yawa don `initramfs`, ƙunshin da kanel ke lodawa da farko wajen tashi, bai sabunta ba, kuma `zpool attach` zai ƙi. In kana da Secure Boot a kunne, tsaron da ke hana loda abin da ba a sa wa hannu ba, sai an sa wa mojul ɗin hannu da makullin da ka yi wa rajista ta `mokutil`, in ba haka ba zai ginu lafiya amma kanel ya ƙi loda shi, ka sake ganin saƙon nan da ya tsorata ka. Ka bar na'urar ta yi mako ɗaya ko biyu tana aikinta a 2.3 ba tare da ka kunna komai ba, sannan ka yi `scrub`, ka kunna fasalin guda, ka jona faifan. Idan ya gama, `zpool list` ne zai nuna maka gaskiyar girman, don shi yana ƙirga faifan duka har da kason kariya: zai tashi daga kusan 14.5T zuwa kusan 18.2T, wato TB 16 da TB 20 a nasa ma'aunin.